Ƙabilar Quileute da Fim ɗin Twilight: Taƙaitaccen Tarihi

Gabatarwa

A shekarar 2008 aka fito da fim ɗin Twilight a Amurka, wanda Catherine Hardwicke ta ba da umarni. An ɗauko shi daga littafin da Stephenie Meyer ta wallafa a 2005. Labari ne na soyayya tsakanin wata yarinya, Bella, da wani saurayi, Edward, wanda ba mutum ba ne, ɗaya ne daga halittun da ke rayuwa da shan jini. Abokin takararsa shi ne Jacob, ɗan ƙabilar Quileute, wanda daga baya yake rikiɗa ya zama kyarkeci. Masu shan jinin ƙagagge ne, amma ƙabilar Quileute tana nan da ranta.

Asalin ƙabilar

Quileute 'yan asalin ƙasa ne da ke zaune a La Push, a bakin tekun Pasifik, cikin jihar Washington. A 1855 aka ƙulla yarjejeniyar da ta raba su da mafi yawan ƙasarsu. A 1889 Shugaba Grover Cleveland ya keɓe musu fili da bai wuce murabba'in mil ɗaya ba. A wannan shekarar ce wani Bature mai kwaɗayin filin ya cinna wa ƙauyen wuta lokacin da mutanen suka tafi aikin gona, gidaje 26 suka ƙone da kayan gargajiyarsu. A tarihinsu na baka, daga kyarketai aka halicci kakanninsu na farko. Wannan labari marubuciyar ta ɗauka, ta mai da shi na samarin da ke rikiɗa in sun fusata, abin da babu shi a al'adar ƙabilar.

Zaɓen 'yan wasa

An ba Taylor Lautner matsayin Jacob, alhali ba shi da rajista a wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasa, lamarin da ya jawo suka. A fim na biyu, New Moon, na 2009, an ɗauki 'yan asalin ƙasa kamar Chaske Spencer a matsayin abokansa. A 2018 Hardwicke ta bayyana cewa ta so ta sa mutane masu launin fata daban-daban cikin dangin Edward, amma marubuciyar ba ta amince ba. Baƙar fata da ya fi fitowa shi ne Edi Gathegi, haifaffen Kenya, kuma rawar mugu ya taka.

Riba da asara

Fina-finan guda 5 sun samar da fiye da dala biliyan 3 daga 2008 zuwa 2012, ba tare da an yanka wa ƙabilar wani kaso ba. Sai dai 'yan yawon buɗe ido sun yi ta tururuwa zuwa La Push. A 2010 Gidan Tarihin Fasaha na Seattle ya haɗa kai da ƙabilar, aka baje kolin kayanta domin ta faɗi labarinta da bakinta. A 2012 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar da ta ba su fili eka 785, wani ɓangarensa a kan tudu, don su ƙaurace wa ambaliyar teku.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa fitowar sunan al'umma a fim daban, jin muryarta daban. Quileute sun yi suna a duniya, amma sai da suka tashi tsaye kafin a san kyarkecinsu ba na fim ba ne.