Ƙahon Wanzami da Kwalbar Gwaji a Ƙasar Haɗeja

Tun zamanin da Haɗeja take zango ga fatake masu ɗauko kanwa da gishirin Manga daga gabas su nufi Kano, kuma masunta suke kyafe kifin da ambaliyar kogi ta bari a fadamu, idan magidanci ya wayi gari da jiri da nauyin ƙeya, ba ya aika wa kowa sai wanzami. Shi kuwa ya tsaga, ya kafa ƙaho, ya zuƙe, ya nuna wa majiyyaci baƙin gudan da ya fito, a ce jini ne ya yi masa yawa. Ban raina wannan sana'a ba ko kaɗan, domin hijama tana da asali a littattafan ɗibbu, kuma magabata sun dace da suka tuhumi jini, alhali ba su da abin auna ƙarfinsa. Ma'aunin nan da ake ɗaurawa a dantse sai a 1896 Riva-Rocci, likitan Italiya, ya ƙago shi.

Abin da ya ɓuya ga wanzami, ya kuma ɓuya ga tabiban Turai har tsakiyar ƙarni na ashirin, shi ne wani sashe na aikin wata 'yar tsoka da Allah cikin hikimarsa ya ɗora bisa kowace ƙoda tamkar hula, wadda take fitar da sinadarin aldosteron mai umurtar ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa. An ware aldosteron a 1953, kana a 1954 Jerome Conn na Jami'ar Mishigan a Amurka ya bayyana al'amarin wata mace mai shekara 34 wadda jininta ya hau, gaɓoɓinta suka raunana, sabili da ƙari a wannan tsoka. Da aka cire shi, jinin ya sauka. Sannu a hankali aka soma ɗibar jini domin a karanta shi: a auna aldosteron, a gwama shi da sinadarin renin na ƙoda, idan na farko ya rinjaya ƙwarai a san inda illar take.

Wannan ilimi ya shafe mu matuƙa, mu da kunun kanwa yake abincin mai jego, kuma ciwon ƙoda ya yi ƙamari daga Haɗeja har Gashuwa. Abin da ke damuna shi ne manomin da ya sha magani iri uku jininsa ya ƙi sauka, wanda shi ne ya fi cancantar gwajin, amma galibi sai ya sayar da buhun shinkafa ya kama hanyar Kano kafin a binciki tsokar da ke bisa ƙodarsa.