Baƙi, Ja da Fari a Waƙar Bernard Dadié

A shekara ta 1866 Charles Spurgeon ya yi wa'azi a Landan a kan wani ɗan littafi marar rubutu mai shafi uku: baƙi domin zunubi, ja domin jinin Yesu, fari domin zuciyar da aka wanke. Daga baya 'yan mishan suka kai irin wannan littafi ƙasashe da yawa. Koyarwar gaskiya ce, amma yaron da ya dubi baƙin shafi, sa'an nan ya dubi hannunsa, wa ya san abin da ya kai gida a ransa? Hausa ma ba ta rage masa nauyi ba, gama tana da farin ciki da baƙin ciki.

Launukan nan uku su ne a cikin wata waƙa ta Bernard Dadié, mutumin Kodebuwa, amma aikinsu dabam ne. An haife shi a Assinie a 1916. Ya tashi a zamanin aikin tilas, wanda Faransa ba ta soke ba a ƙasashen da take mulka, har da Nijar, sai 1946. A 1949 aka kulle shi a kurkukun Grand-Bassam saboda siyasa. Waƙar ta fito a 1956 cikin littafinsa La Ronde des jours, kuma addu'ar godiya ce ga Allah saboda baƙar fatarsa.

Bai zagi fari ba, ko da yake yana da dalili. Ya ɗauke shi kamar rigar da ake ajiyewa domin ranar biki, baƙi kuwa kamar rigar noma, wadda ta san rana da ƙura da kaya. Kowace tana da wurinta, amma da ta biyun ake ciyar da gida. Har kansa da hancinsa da ƙafafunsa, waɗanda masu mulki suka raina, ya lissafta su cikin kyautar Mahalicci, kowanne da aikin da aka yi shi dominsa.

Ja shi ne mafi nauyi. Dadié ya haɗa jinin baƙar fata da Kalfari, ya sa ya zuba har a kan dusar ƙanƙara, wato a ƙasashen da aka kai bayi da sojoji. A littafin Spurgeon ja yana zuwa ya kawar da baƙi. A waƙar Dadié mai baƙar fatar ne ke zub da jinin, fari kuwa shi jinin ya rina.