Tsukewar Bakin Bindigar Farauta da Tasirinta ga Watsuwar Dalma

Maharbin da ke bin fadamar Gulbin Rima, daga Gwadangaji zuwa Argungu, ya san bindigogin farauta iri biyu ne: mai tara ƙwayoyin dalma da mai watsa su. Wasu kan danganta wannan da tsawon bututu, wasu da ƙarfin albarushi. Galibi kuwa bambancin yana can bakin bindiga, inda ake ɗan tsuke ramin domin ƙwayoyin su fita a dunƙule. W. W. Greener, maƙerin bindigogi na Birmingham a Ingila, shi ya yayata wannan dabara daga 1874.

Tsukewar ba ta da yawa. Faɗin ramin bindiga mai lamba 12 kusan milimita 18.5 ne. Ana auna cikin bututun, a auna bakinsa, a cire wannan daga wancan. Rabin milimita matsakaiciyar tsukewa ce, milimita ɗaya kuwa cikakkiya. Wato abin da ya raba bindigogin biyu bai wuce kaurin farce ba.

Sai dai awon ƙarfe ba ya wadatarwa, sai an ga aikinsa a takarda. Ana kafa faffaɗan kwali a yadi 40, a harba sau ɗaya. Daga nan a ɗaura gawayi a zare mai tsawon inci 15, a kewaye inda hudojin suka fi cunkoso, a ƙirga su. In harsashin na ɗauke da ƙwayoyi 300, aka sami 210 cikin da'irar, kashi 70 cikin ɗari ke nan, alamar cikakkiyar tsukewa. Bututun da ba a tsuke ba, kamar na harba-ka-ruga, kusan kashi 40 yake bayarwa. Sauya harsashi kan sauya sakamakon, shi ya sa ake maimaita gwajin.

Kowace da ranarta. Agwagwar ruwa da ke tashi daga nesa sai mai tarawa. Fakarar da ta zabura daga gindin ciyawa kuwa, mai tarawa ko ta kuskure ta ko ta dagargaza naman.

Fadama cike take da manoman shinkafa, masunta da makiyaya, kuma ƙwayar da ta bar da'ira ba ta zaɓen inda za ta sauka. Maharbin da ke da lasisi ya gwada bindigarsa a kwali, a wurin da ba kowa, kafin ya shiga da ita fadama.