Hanya da Zango a Waƙar Hausa: Waiwaye Daga Unguwannin Hausawan Kurmi

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta dubi yadda hanya da tafiya suka zama tubalan siffantawa a waƙa da fim na Hausa, tare da jingina bayanin ga tarihin Hausawan Fatakwal da Anacha da Inugu. Ba Bahaushe kaɗai ke da wannan adon harshe ba. A 1969 mawaƙi Joan Manuel Serrat ya rera baitocin Antonio Machado na ƙasar Sifen, inda aka suranta rayuwa da tafiyar mutum guda mai share wa kansa tafarki. Hanyar Bahaushe kuwa shararriya ce tun kafin a haife shi, kuma cikin ayari ake bin ta.

2.0 Gadon Fatauci

Kalmomin wannan siffantawa daga fataucin goron Gwanja aka gaje su: madugu, jagaba, ayari, guzuri, zango. Malaman waƙoƙin wa'azi na ƙarni na 19 sun ɗauke su ɗungurungum, duniya ta zama zango, aikin ƙwarai ya zama guzuri, mutuwa kuma ƙaura. Har yau jagoran siyasa madugu ake ce masa, ko da bai taɓa ɗaure wa jaki mangala ba.

3.0 Dogo da Kwalta

Gano kwal a Udi a 1909 shi ya jawo kafa Fatakwal, aka shimfiɗa dogo daga can zuwa Inugu a 1916. Gadar Makurɗi ta 1932 ta ba jirgi damar ƙetare Binuwai, shanun da a da ake korawa a ƙafa suka shiga taragu. Mahauta da dillalan shanu da masu ƙananan sana'o'i suka yi ta gangarawa, wasu har bakin ruwa, wajajen Borokiri. Daga cikin irin waɗannan baƙi ne Malam Umaru Altine, Bafillacen ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950.

A nan ne, a ganina, ma'anar zango ta rikiɗa. Zangon fatake na kwana ɗaya ne ko biyu, amma na Kurmi a cikinsa aka yi aure, aka haihu, aka binne iyaye, duk da haka ba a daina kiran Arewa gida ba. Rikicin 1966 ya tilasta wa mazauna waɗannan unguwanni tattara komatsansu su yi Arewa, gadar Anacha da aka kammala a 1965 ita ma aka karya ta a 1967. Wanda ya ga wannan, in ya ji mawaƙi ya kira duniya zango, ba zai ɗauke shi adon magana kawai ba. Bayan 1970 da yawa sun sake komawa.

Makaɗan baka sun bi sawun wannan sauyi. Alhaji Mamman Shata (ya rasu 1999) ya wasa direbobi, irin su Bawa Direba, da sigogin da a da madugu ne ya cancance su: sanin daji, juriya, da kai ayari lafiya. Ɗanmaraya Jos (ya rasu 2015) ya fi shi sauka ƙasa, domin a waƙar Karen Mota yaron da ke maƙale a bayan mota ya duba, wanda kullum yana bisa hanya amma ba shi da ta cewa game da inda aka nufa.

4.0 A Majigi

Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu (1976), wanda aka ɗauko daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa na 1934, ya kawo wata fuskar dabam: hanyar Sahara ta bayi, da uwa mai bin sawun ɗanta. Matafiyin nan bai zaɓi tafiyar ba, ƙaddara ce madugunsa, kuma ilmin da ya dawo da shi bai mayar masa da uwarsa ba.