Rundunar 3rd Carabiniers

3rd Carabiniers tsohuwar runduna ce ta sojojin Birtaniya da aka kafa a 1922, bayan an haɗe wasu tsofaffin rundunoni biyu na mahaya dawaki. Daga baya ta ajiye dawaki ta koma amfani da tankokin yaƙi.

A Yaƙin Duniya na Biyu ta fafata da Jafanawa a Indiya da Bama, ƙarƙashin birged ta 254 ta tankokin Indiya. Tankokinta samfurin M3 Lee ne ƙirar Amurka, masu igwa biyu.

An fi tunawa da ita kan gumurzun tsaunin Nunshigum kusa da Imphal, ranar 13 ga Afrilu, 1944. Hanyar hawa ƙunci gare ta, ga duhuwa, dole kwamandoji suka riƙa fito da kai daga tankokin don yi wa direbobi jagora. Hakan ya sa aka kashe hafsoshin da suka hau, sai wani saje manjo ya karɓi ragama har aka ƙwace tsaunin tare da dakarun Dogra na Indiya.

A 1971 aka haɗe ta da Royal Scots Greys, aka samar da Royal Scots Dragoon Guards.