Injin zuƙe iska na tsohuwar kwamfuresar firji: haɗinsa da iyakar ƙarfinsa

Kafin a ɗura wa na'urar sanyaya ɗaki gas, ko sabuwa aka kafa ko tsohuwa aka buɗe don gyara, ƙa'idar aikin ita ce a fara zuƙe iskar da ke cikin bututunta tare da danshinta. Injin da kamfanoni ke ƙerawa domin wannan aiki yana da tsada, shi ya sa wasu masu gyara ke haɗa nasu da kwamfuresar tsohon firji, irin wadda ake samu a hannun 'yan gwangwan ko a kasuwa kamar Panteka ta Kaduna.

Danshi ne babban abin gudu. Idan ya rage a ciki, yana iya daskarewa ya toshe siririn bututun da gas ke bi, ko ya gauraya da man kwamfuresa ya zama asid mai cin wayoyin motar sannu a hankali. Na'urori masu gas ɗin R410A sun fi shiga wannan hatsari, domin mansu mai shan danshi ne. Mai na'ura ba ya ganin illar a ranar gyara, sai bayan watanni, ranar da aka ce masa kwamfuresa ta ƙone.

Haɗin ba shi da wuya. Kwamfuresar firji tana da bututun tagulla uku: na zuƙa, da siriri na fitarwa, da wanda ake ɗura gas ta cikinsa. Ana toshe na ukun da walda, a liƙa wa na zuƙa baki mai faɗin kwatan inci inda tiyon geji zai ɗauru, a bar na fitarwa a buɗe. Tunda mai yakan fantsamo ta nan, ana sa masa kwalba ta tare shi, kuma ana ƙara wani lokaci-lokaci. Dole a bar mata na'urar tayarwa da ta kariya daga zafi waɗanda ta zo da su, a rufe bakin wayoyin, a kuma tsaya mata da fanka, saboda a cikin firji gas mai sanyi ne ke huce motar, a nan kuwa babu shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙarfin zuƙa. Ruwa yana tafasa a digiri 100 ne a matsin iskar da muke shaƙa, wanda ya kai maikiron 760,000 a ma'aunin masu wannan sana'a. Kafin ya tafasa ya fita a ɗaki mai zafin digiri 30, sai matsin ya sauko zuwa wajen maikiron 32,000, kuma mizanin da aka saba bi shi ne a kai 500. Injin kamfani mai hawa biyu yana kaiwa. Kwamfuresar firji galibi a dubun-dubatar maikiron take cijewa, wato ta kwashe kusan duk iskar amma ta bar danshi. Geji mai allura ba ya nuna wannan bambanci, don allurar na kwantawa kusa da 30 a duka biyun.

Duk da haka ta fi dabarar sakin gas don ya koro iska, wadda ke ɓarnata gas ba tare da busar da komai ba. Sai dai ba a amfani da ita a na'ura mai gas ɗin R600a ko R290, domin suna kama wuta, na'urar tayarwa kuma tana iya yin tartsatsi. R32 ma yana ci, ko da bai kai su ba.

Mai na'ura na iya neman a rufe geji bayan zuƙa, a jira minti 15. Idan allura ta motsa ta koma wajen sifili, akwai yoyo, kuma gas ɗin da za a ɗura ta nan zai tsere.