Daga San Francisco zuwa Numan: ƙofar da ta raba kan 'yan Lutheran

Wannan shi ne rubutaccen shirinmu na wannan mako, don waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Ran Lahadin da ta wuce ina zaune wurin mai shayi a nan Unguwar Boro, bakin hanyar Kachia, sai gardama ta ɓarke. Wani matashi ya nuna mana hoton wata majami'ar Lutheran a Amurka da tuta mai launin bakan gizo a ƙofarta. Ya juya ga wani dattijo ɗan Adamawa, ya ce, "Baba, ba cocinku ba ke nan?" Dattijon ya ce, "Ɗana, sunanmu ɗaya, amma labarin da tsawo." Shi ne na ce bari in bi sawun labarin.

Mu fara daga gida. A 1913 wani likita ɗan ƙasar Denmark, Niels Brønnum, ya isa Numan ya fara aikin mishan. Daga nan ne ikilisiyar LCCN ta tsiro, kuma har yau hedkwatarta tana Numan. Da tafiya ta yi tafiya, Lutheran na Amurka, musamman na jihar Minnesota, suka shigo aikin. Wato zumuncin Adamawa da Amurka ba na jiya ba ne.

To yanzu mu tsallaka can. A birnin San Francisco akwai wata ƙaramar ikilisiya mai suna St. Francis, kusa da unguwar Castro inda masu neman jinsi ɗaya suke da yawa. A shekarun 1980 cutar ƙanjamau ta yi wa unguwar mummunar ɓarna. Samari suna mutuwa, wasu danginsu sun juya musu baya. Ikilisiyar ta buɗe musu ƙofa. Daga nan tambaya ta taso: wanda muka yarda ya zauna a benci, me zai hana ya hau bagadi?

A lokacin dokar uwar ƙungiyarsu, ELCA, ita ce mai neman jinsi ɗaya ba zai zama fasto ba sai ya yi alkawarin zama ba abokin zama. A Janairun 1990, St. Francis da wata ikilisiya mai suna First United suka take dokar, suka naɗa mutum uku: Ruth Frost, Phyllis Zillhart da Jeff Johnson. Aka dakatar da su shekara biyar ko za su janye. Suka ƙi. A ƙarshen 1995 aka kore su.

Abin bai tsaya nan ba. A Agustan 2009, a babban taron ELCA a Minneapolis, aka kaɗa ƙuri'a, 559 suka amince, 451 suka ƙi, aka sauya dokar. A 2011 St. Francis ta dawo gida. Amma yayin da take shigowa ta ƙofar gaba, ɗaruruwan ikilisiyoyi suna fita ta baya. A 2010 wasunsu suka kafa sabuwar ƙungiya, NALC, suna cewa an kauce wa koyarwar Littafi Mai Tsarki.

A nan ne ƙurar ta iso Afirka. A 2010 shugabannin Lutheran na Tanzaniya suka fitar da sanarwar Dodoma, suka ƙi auren jinsi. A 2013 ikilisiyar Mekane Yesus ta Habasha ta yanke hulɗa da ELCA da kuma cocin Sweden. A Najeriya kuwa, a Janairun 2014 Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi. Kun ga ke nan, abin da ya faru a St. Francis, a nan magana ce ta kotu da kurkuku.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki. LCCN ba ta yanke zumunta da Lutheran na Minneapolis ba, birnin da aka kaɗa waccan ƙuri'a. Kuma a Mayun 2017, a Windhoek ta Namibiya, aka zaɓi Babban Bishop Musa Panti Filibus na LCCN shugaban Tarayyar Lutheran ta Duniya. Ya riƙe kujerar har 2023, yana jagorantar zauren da 'yan Sweden da 'yan Habasha suke zaune ciki, kowa da fahimtarsa.

Ni dai ban zo in yanke wa kowa hukunci ba. Amma mu da muka tashi kudancin kogin Kaduna mun san yadda gari yake rabuwa. Bayan rikicin 2000 da na 2002, mutane sun kwashe kaya, wasu suka tsallako nan, wasu suka koma can, har yau akwai abokan makaranta da ba su sake haɗuwa ba. Yanke zumunci abu ne na rana ɗaya, ɗinke shi kuwa sai a shekara ashirin ana fama.

Na koma na ba dattijon nan labarin abin da na gano. Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ai na faɗa maka. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Matashin kuwa ya ce shi bai gamsu ba, akwai inda zumunci yake ƙarewa.

Ku fa, wa kuka bi a cikinsu? Ku rubuto mana, amma don Allah ban da zagi. Sai mako mai zuwa.